Darasi na 12: Kula da Dattawan da Suka Ga Tashin Hankali Kuma Gigin Tsufa Ya Kama Su

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bambanta mantuwar yau da kullum da cutar gigin tsufa;
2. bayyana dalilin da ya sa tsohon firgici yake dawo wa dattijo bayan shekaru;
3. gano abubuwan da ke tayar da wannan firgici a cikin gida;
4. sanin abin faɗa da abin yi idan dattijo ya firgita;
5. sanin lokacin da ya wajaba a tafi asibiti.

Gabatarwa

Da wuya a zagaya unguwa guda a ƙasar Hausa ba a tarar da gidan da ake fama da tsoho ko tsohuwar da ta rikice ba. Akan ce "tsufa ne," ko "gigi ne ya kama ta," wani lokaci ma a jingina abin ga iskokai ko sammu. A cikin waɗannan dattawa akwai waɗanda idonsu ya ga abin da baki ba zai iya faɗa ba. Saurayin da ya shiga soja yana ɗan shekara 20 a farkon Yaƙin Basasar Najeriya, wanda aka yi daga 1967 zuwa 1970, yau yana dab da shekara 80. Akwai waɗanda suka sha fari da yunwar 1973 da ta 1984 a Nijar da arewacin Najeriya. Akwai waɗanda rikicin Maitatsine ya rutsa da su a Kano a watan Disamba na 1980, inda mutane fiye da 4,000 suka rasu. Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya raba mutane sama da miliyan 2 da gidajensu, kuma a 2020 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto a kan yadda tsofaffin arewa maso gabas suka wahala a cikinsa, domin su ne ba sa iya gudu idan an kawo hari. Ga kuma ƙauyukan Zamfara, Katsina da Sakkwato da 'yan bindiga suka tasa.

Waɗannan mutane su ne iyayenmu da kakanninmu. Idan gigin tsufa ya zo ya tarar da irin wannan tabo a zuciya, jinyar takan yi nauyi a kan kowa. Abin da darasin nan yake koyarwa shi ne: tsoron da dattijon yake nunawa yana da asali, kuma aikin mai kula da shi shi ne ya san asalin, ya sa shi ya ji yana cikin aminci.

Mene ne gigin tsufa?

Kowa yana mantuwa. Mutum ya manta inda ya ajiye mabuɗi ko carbi, can anjima ya tuna, wannan ba cuta ba ce. Gigin tsufa kuwa cuta ce da ke lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, har ta hana mutum tafiyar da al'amuransa. Zai ci abinci ya ce ba a ba shi ba. Zai yi tambaya ɗaya sau goma. Zai fita masallacin da ya shekara 40 yana zuwa ya kasa gane hanyar gida. Raka'o'in salla su rikice masa, lissafin kuɗi ya gagare shi, daga baya har fuskokin 'ya'yansa su ɓace masa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane fiye da miliyan 55 ne ke da wannan cuta a duniya, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna zaune ne a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906, ake kuma kiran sa da sunansa. Shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu cutar. Wani nau'in yana zuwa ne idan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa suka toshe ko suka fashe, kamar yadda yake faruwa bayan shanyewar ɓarin jiki. Hawan jini da ciwon suga da ba a kula da su ba suna share wa wannan nau'in hanya.

Ba kowane tsoho ne yake kamuwa ba. Da yawa sukan haura shekara 90 da hankalinsu garau. Saboda haka idan aka ga alamun, cuta ce ta samu mutum, kuma marar lafiya tausayi ya cancanta.

Me ya sa tsohon firgici yake dawowa?

Cutar Alzheimer takan fara taɓa sashen ƙwaƙwalwa da ke ajiye sababbin abubuwa. Shi ya sa tsohuwa za ta manta abin da ta karya da shi yau da safe, amma ta ba ka labarin ranar da aka kai ta ɗakin miji tiryan-tiryan. Abin ya yi kama da katangar ƙasa da damina ta daɗe tana duka: yaɓen da aka yi daga baya shi yake fara zubewa, sai tubalin farko ya fito fili. Idan a cikin tubalin nan akwai daren da aka ƙone gari, ko ranar da aka kashe ɗa a gaban uwarsa, to shi ma zai fito.

Akwai dalili na biyu. Mutumin da ya ga bala'i yakan danne shi da ƙarfin hali. Noma, kasuwa, rainon yara, salla da hira a majalisa duk suna taya shi riƙe kansa. Idan ya ji ƙarar da ta tsorata shi, hankalinsa yakan gaya masa cewa abin ya wuce tuntuni. Cutar tana raunana wannan hankalin da ke raba jiya da yau. Sai dattijo ya daina tuna abin a matsayin labari, ya koma yana jin yanzu ne yake faruwa. Zuciyarsa ta buga, gumi ya karyo, jiki ya ɗauki rawa, ƙafa ta nemi gudu.

An lura da wannan sosai a gidajen kula da tsofaffi na Isra'ila, Amurka da Kanada, inda ake jinyar Yahudawan da suka tsira daga kisan ƙare-dangin da 'yan Nazi suka yi a Yaƙin Duniya na Biyu. Ma'aikata sun ga wasu suna firgita da ɗakin wanka mai feshin ruwa, domin ɗakunan da aka kashe danginsu da iskar guba an yi musu siffar wurin wanka ne. Wasu kuma haushin kare ko ganin mai kaki ke tayar musu da hankali, wasu suna ɓoye burodi a ƙarƙashin matashi. A Amurka, wani bincike da aka wallafa a 2010 a kan tsofaffin sojoji kimanin 181,000 ya nuna cewa waɗanda ke fama da ciwon firgicin da ke biyo bayan bala'i sun kusa ninka sauran wajen kamuwa da gigin tsufa.

Wani abin lura kuma shi ne: ko da dattijo ya manta abin da ya faru, yadda abin ya sa shi ji yakan daɗe. Idan aka daka masa tsawa da safe, zai manta wanda ya yi da dalilin yi, amma ya wuni a tsorace. Haka nan idan aka tarairaye shi, zai manta maganar, natsuwar ta saura.

Abubuwan da ke tayar da firgici

Kowane dattijo da nasa, gwargwadon abin da ya gani. Ga waɗanda aka fi haɗuwa da su a wurarenmu:

- rugugin babura da yawa a lokaci guda, musamman ga waɗanda aka kai wa hari a kan babura;
- ƙarar bindigar gargajiya a hawan salla, abin fashewa na wasan yara, tsawar hadari, ko jirgi mai saukar ungulu;
- ƙaurin hayaƙi, kamar na ƙona shara ko taya;
- buga ƙofa da ƙarfi, ko haska tocila a fuska cikin dare;
- ganin mai kaki, ko baƙon namiji ya shigo ɗaki ba sallama;
- kulle ƙofa da kwaɗo, riƙe hannu da ƙarfi, ko tuɓe wa mutum tufa;
- labarin kashe-kashe a rediyo da hotunan gawarwaki a waya.

Rikicewa takan ƙaru daga la'asar sakaliya zuwa almuru. Gajiya ce da raguwar haske suke haɗuwa, inuwa ta riƙa yi wa ido kama da mutum. Likitoci sun san wannan hali a wurin masu gigin tsufa a ko'ina cikin duniya, don haka kada a yanke hukuncin cewa aljanu ne don kawai abin yana zuwa da magariba.

Misali daga cikin gida

A ɗauki misalin wata tsohuwa da aka tasa ƙauyensu, ɗanta ya dawo da ita birni wurinsa. Ana dab da kiran magariba, sai samari suka wuce ta ƙofar gida a kan babura uku suna gudu. Tsohuwa ta miƙe zumbur daga tabarma. Ta shimfiɗa zani, ta zuba 'yar langarta da carbi da ragowar goro, ta ƙulle, hannunta yana karkarwa. Ta nufi zaure ba takalmi tana cewa, "Ku tashi, sun zo! Ina yaran? Ku ɗauko yaran!"

A kwatanta yadda gida biyu za su tunkari wannan. A gida na farko, ɗanta ya sha gabanta ya kama ta a damtse. "Haba Inna, wa ya zo? Nan fa birni ne! Kullum sai kin tara mana mutane?" Ya fizge ƙunshin, ya mai da ita ɗaki ya ja ƙofa. A wurinsa ya kare ta daga faɗawa titi. A wurinta kuwa wani ƙato ya kama ta, ya ƙwace mata kaya, ya kulle ta, ga yara can a waje. Daren nan ba wanda zai runtsa a gidan.

A gida na biyu, surukarta ta ajiye muciya, ta zo ta gabanta inda za ta gan ta, ta rusuna. Ta sassauta murya: "Inna, ni ce matar ɗanku. Ina nan tare da ku. Kun tsorata ko?" Tsohuwa ta ce, "Yaran fa?" Ta ce, "Ga su nan tsakar gida, duk sun dawo. Ku zo ku gan su." Ba ta taɓa ƙunshin ba. Ta miƙa tafin hannu, ta jira har tsohuwa ta kama da kanta. Ta sa aka kunna fitila, aka kira ƙaramin jikan ya zauna kusa da kakarsa. Da numfashi ya daidaita, ta kawo kunu mai ɗumi, ta tura mata faranti: "Inna, ku taya ni tsince waken nan, idonku ya fi nawa gane tsakuwa." Ƙunshin yana gefen cinyarta har aka yi isha'i.

Surukar ba ta yi gardama ba, ba ta kuma yi ƙarya ba. Ta gane cewa damuwar tsohuwar ita ce lafiyar yara, sai ta amsa wannan damuwar.

Ƙa'idojin kulawa

*A san tarihinsa.* A tambayi tsararrakinsa da 'yan'uwansa: ina ya zauna, me ya same shi, wa ya rasa, wace sana'a ya yi, wane karatu ko wace hira ke faranta masa rai. A sanar da duk mai kula da shi abin da ke tsorata shi, amma a rufa masa asiri a wajen waɗanda abin bai shafa ba. Kada a matsa masa ya ba da labarin bala'in. In ya fara da kansa, a saurara, in ya yi shiru a bar shi.

*A zo masa ta gaba.* A yi sallama, a faɗi suna da dangantaka, a zauna daidai da shi maimakon a tsaya masa a ka. Magana ta zama gajera, ɗaya bayan ɗaya. A kira shi da sunan girman da ya saba ji, Baba, Malam, Alhaji ko Hajiya. Wasan jika da kaka abu ne mai kyau, amma a hana yara razana shi ko ɓoye masa kaya. Wasu dattawan sukan koma harshensu na farko, Fulatanci, Barbarci ko wani, ko da sun shekara 50 suna Hausa. A nemo mai jin harshen ya riƙa zuwa hira.

*A bar gardama.* "Ba na gaya miki ɗazu ba?" ba ta da amfani ga wadda ba ta iya ajiye ɗazu. Idan tsohuwa tana cigiyar mijinta da ya rasu tuntuni, sanar da ita mutuwar kullum sabon makoki ne kullum. Ana iya cewa, "Kina kewarsa ko, Inna? Ba ni labarin lokacin da yake fatauci." Idan ta zargi wani da sata, a taya ta neman abin, a kuma koyi wuraren da takan ɓoye kaya.

*A kiyaye mutunci wajen wanka.* Nan ne rikici ya fi yawa, musamman ga matar da aka taɓa ci wa zarafi, ko da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Mace ta yi wa mace, namiji ya yi wa namiji, kuma mutum ɗaya da aka saba da shi. A sirka ruwa, a kawo kujera 'yar tsugunno, a bar ta da ɗaurin ƙirji, a ba ta soso ta yi abin da za ta iya. Kafin a taɓa ko'ina a faɗa: "Zan zuba ruwa a bayanki." In ta ƙi, a haƙura a sake gwadawa anjima, ko a goge jiki da tsumma mai ɗumi.

*A bar masa abin da ke kwantar masa da rai.* Wanda ya sha yunwa yakan ɓoye abinci. A ba shi ɗan kwano da abin da ba ya lalacewa, kamar dabino ko ƙuli-ƙuli idan haƙori zai iya, a riƙa kwashe wanda ya lalace ba tare da gori ba. Lokacin abinci, wanka da kwanciya su zama ɗaya kullum. A bar 'yar fitila a ɗaki da dare, a rage rediyo idan an zo labarin hare-hare. A ba shi aikin da hannunsa ya sani: ɓarar gyaɗa, tufkar igiya, jan carbi. Idan ya rikita salla a bar shi ya yi yadda ya iya. Malamai sun yi bayanin cewa Allah ba Ya kama wanda hankalinsa ya gushe.

*Kada a ɗaure, kada a kulle shi shi kaɗai, kada a doke shi.* Mari da igiya suna maimaita masa abin da ya tsira daga gare shi. Idan yana yawan fita, a sa ƙararrawa a ƙofar zaure, a sanar da maƙwabta da mai unguwa, a ɗinka masa lambar wayar ɗansa a cikin riga, a kuma riƙa fita da shi yana taka ƙafa da safe. Tsohuwar da aka tsinta tana yawo tana sambatu marar lafiya ce da ta ɓata. Jifanta da maita zalunci ne.

Yaushe za a je asibiti?

Tun da aka fara ganin alamu ya kamata likita ya duba, domin akwai cututtukan da ke kama da gigin tsufa kuma suna da magani, kamar ciwon damuwa mai tsanani, ƙarancin wasu sinadarai a jini, da raunin ji ko gani. A gaggauta zuwa idan rikicewa ta ƙaru farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu. Sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne, ko cutar mafitsara, ƙarancin ruwa a jiki, taurin bayan gida, ko wani ciwo da ya kasa faɗa. Haka nan idan baki ya karkace, ɓarin jiki ya saki, ya faɗi ya bugu a kai, ko ya daina ci da sha.

Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da gigin tsufa ba, amma akwai magungunan da ke sassauta alamun na wani lokaci. Kada a sayo maganin barci a kemis don a samu sararawa. Yana ƙara ruɗewa, yana jawo faɗuwa da karaya. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen da ke duba irin wannan. Addu'a da zuwa asibiti ba sa hana juna.

Mai jinya ma yana da haƙƙi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata ne ke ɗaukar kimanin kashi 70 cikin 100 na lokacin da ake ɓatarwa wajen kula da masu wannan cuta. A gidajenmu yawanci 'ya ce, ko suruka, ko jika. Wata ma tare da tsohuwar suka gudo daga hari, ihun tsohuwa yana tayar mata da nata tabon. Gajiya da rashin barci su ne ke kai mutumin kirki ga tsawa da duka. Dangi su zauna su raba aiki: mai kwana, mai wuni, mai kawo cefane, mai kai wa asibiti. Maza su ɗauki nasu kason, musamman wajen wankan uba da kwana da shi. Mai jinyar da ta ji haƙurinta ya kusa ƙarewa ta kira wani ya karɓe ta, ta fita ta sha iska. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi

1. Kawo alamu uku da ke bambanta gigin tsufa da mantuwar yau da kullum.
2. Me ya sa dattijo yake jin tsohon bala'i kamar yanzu yake faruwa?
3. A misalin da aka bayar, waɗanne abubuwa surukar ta yi da suka kwantar da hankalin tsohuwar?
4. Me ya sa bai dace a ɗaure ko a kulle mai wannan cuta ba?
5. Faɗi halaye uku da ke wajabta gaggawar zuwa asibiti.

Aikin gida

Ka zaɓi dattijo ɗaya a gidanku ko a maƙwabta. Da izininsa ko na iyalinsa, ka rubuta abu uku da ke faranta masa rai da abu uku da ke tayar masa da hankali, ba tare da ka sa sunansa ba. A aji na gaba za a tattauna yadda za a ƙara na farkon a rage na biyun.

Ɗalibi, abin da ka koya a nan ka kai shi gida ka koya wa wanda bai zo aji ba. Waɗannan dattawa sun goya mu, wasunsu a bayansu aka tsere da mu daga wuta. Yau da tsoro ya dawo musu ba su da mafaka sai mu. Mu sassauta murya, mu rufa musu asiri, mu kai su asibiti a kan lokaci. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.